Ƙarya ta Goma Sha Huɗu

Ina shago ina buga wa wani ɗalibi takardar kammala karatu, maƙwabciyata mai sayar da zare ta leƙo ta ce, "Auta, wai kin ga babanki jiya a talabijin?" Na ce wane baban? Ta ce direban motar 'yan makaranta mana, wanda ya jefa su kogi. Da fara'arta ta faɗa, kamar wadda ta kawo albishir. Da ta kalli fuskata sai ta tuna ta bar shagonta babu kowa, ta fice.

Shekara ashirin da biyu ke nan da abin ya faru. Baba ne direban bas ɗin wata makarantar firamare. Wata rana da azahar, an tashi, ya ɗebo yara, suna gangarowa gada birki ya ƙi. Motar ta karya ƙarfen gefen gada ta faɗa ruwa. Yara goma sha ɗaya suka rasu. Kwamitin bincike ya gano cewa sau uku Baba yana kai ƙorafin birkin nan a rubuce, mai makarantar yana cewa a bari sai an yi hutu. Aka wanke Baba tas. Jaridu kuma suka rubuta cewa direban ya koma cikin ruwa har sau uku ya tsamo yara uku. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma da wannan labarin na girma. Duk yarinyar da ta kira ni 'yar mai kisa a makaranta, da shi nake rufe mata baki, in bai isa ba in ƙara da mari.

Baba bai sake riƙe sitiyari ba. Ya kafa tebur a barandar gidanmu yana gyaran rediyo da fanka, har yanar ido ta fara rufe masa gani. Maganar ranar nan kuwa bai taɓa yin ta a gabanmu ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Da yammar ranar na kalli maimaicin shirin a wayata. Kashi shida ne, kowanne yana buɗewa da farin rubutu a kan baƙin allo: Wannan labari ya faru da gaske. Sun canza wa direban suna, ba shakka. Amma sun bar masa tabon haɓar Baba, sun bar masa karkata kafaɗar hagu in yana tafiya. Ko minti huɗu ba a yi ba aka nuno shi a bayan garejin makaranta yana watsa ƙwayoyi a baki yana korawa da abin da ke cikin wata kwalba. Baba, mutumin da ko maganin ciwon kai sai an yi da gaske yake haɗiya.

Kafin a kai kashi na uku, aiki ya ɗauke a baranda. Wata mata ta zo ta karɓi fankarta a kwance, da ƙusoshinta a leda, ta ce ta fasa gyaran. Baba ya miƙa mata ya koma kan teburinsa. Na kira Yaya a waya, ya ce in bar su da Allah. Yayana mutum ne mai saurin barin abu ga Allah, musamman in yana can nesa inda babu mai nuna shi da baki a hanya. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Wani lauya da nake buga wa takardu ne ya ce in je hukumar da ke kula da fina-finai da shirye-shiryen talabijin. Ofishin ƙorafi yana hawa na uku, a ƙarshen wani dogon lungu mai warin tsohuwar takarda. Na tarar da wani dattijo mai tabarau, an ɗaure hannun tabaran da zare, yana jiƙa yatsa yana juya fayil. Na zuba masa duk abin da ke cikina, a tsaye. Ya bari sai da na gaji, sannan ya nuna mini kujera.

"'Yata, doka ba ta hana kowa ƙirƙirar labari ba," in ji shi. "Ya ƙirƙiro direba mai kai biyu ma, babu ruwanmu. Amma ranar da ya rubuta cewa abin ya faru da gaske, ya ɗauki alkawari. In ya saɓa, ko ya cire rubutun, ko ya yanke ƙaryar. Ɗayan biyu."

Na ce to ai shi ke nan, ƙarya ce daga farko har ƙarshe.

"Haka kowa ke cewa. Mu ba ma karɓar ƙarya a dunƙule." Ya zaro fom mai gurbi huɗu a kowane layi ya ajiye a gabana. "Kashi na nawa. Minti nawa da sakan nawa. Abin da aka nuna. Abin da ya faru. Kowace ƙarya da layinta. Sannan wanda abin ya faru a gabansa ya sa hannu. Ke kina ina a ranar?"

"Ina aji, a wata makarantar."

"To ba ke ba."

Ya haɗa ni da faifan shirin gaba ɗaya, na sauko ina zagin doka da wanda ya rubuta ta. Na san abin da ake nufi: sai na zaunar da tsoho mai shekara saba'in ya kalli mutuwar yaran nan, minti bayan minti.

Na ɗauka Baba zai ƙi. Da na gama bayani sai ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa ya ce, "Yaushe za mu fara?"

Kwana huɗu muka yi, kullum bayan na rufe shago da la'asar. Yakan jawo kujera har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin talabijin saboda idon, ni kuma ina gefe da rimot da littafi. In ya ga abin da ba haka ba sai ya ɗaga yatsa, in tsayar, in duba minti, in rubuta. Ƙwaya ce ta farko. Sai inda direban ya daka wa wata yarinya tsawa har ta yi fitsari. Sai inda bakanike ya roƙe shi ya tsaya a duba birki shi kuma ya ce yana sauri. A kan wannan Baba ya yi 'yar dariya marar daɗi ya ce shi ne ya roƙi bakaniken, har shayi ya saya masa.

Sai kuma ya fara ɗaga yatsa a kan abin da ni ban ɗauka komai ba.

"Motar ba rawaya ba ce. Fara ce da shuɗin layi."

"Baba, wa ya damu da launin mota?"

"Ba cewa suka yi kowace ƙarya da layinta ba? Rubuta."

Na rubuta. A kashi na huɗu aka nuno yaran suna rera waƙa a mota, suna tafi, irin yadda masu fim ke so a ga yara kafin a kashe su. Yatsan ya tashi.

"Ba waƙa suke ba. Gardama suke a kan ƙwallo. Akwai wasu tagwaye a bayana, kullum faɗan kujerar taga, ranar na raba su, na ce ɗaya ya koma baya." Ya sauke yatsan. "Na bayan ne bai fita ba."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗa mini wadda take mantuwar gorar ruwanta kullum har ya ware mata wuri a gaban mota, da wanda yake kiransa Kawu Direba, da mai yin barci tun kafin a fita ƙofar makaranta. Ya san inda kowannensu ya zauna. Ina riƙe da biro ban rubuta komai ba, don babu layin da za a sa wannan. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na kawo faifan gidan.

Ranar ƙarshe muka kai kashi na biyar, muna da ƙarya goma sha uku. Motar ta faɗa ruwa. Sai ga direban ya ɓullo, ya ja numfashi, ya sake nitsewa, ya fito da yarinya a kafaɗa. Gaskiya sun iya aikinsu a nan. Sun ɓata shi kashi huɗu don su wanke shi a na biyar, masu kallo su yi kuka. Ni ma na yi. Na ajiye rimot a cinya ina share hawaye, ina cewa a raina, ko ba komai wannan dai ba su iya ƙwace mana ba.

"Auta," in ji Baba. "Tsayar."

Yatsansa yana sama. Na tsayar. Minti talatin da ɗaya, sakan goma.

"Rubuta. Ban koma ba."

"Ban gane ba."

"Ban iya ruwa ba. Har yau ban iya ba. Ta tagata na fita, ruwa ya tura ni inda ƙafata ta taɓa ƙasa, na tsaya a nan. Ina jin su. Na ce wa ƙafata ta tafi, ta ƙi." Bai kalle ni ba, allon yake kallo, inda ɗan wasan ya daskare da yarinya a kafaɗa. "Akwai wani mutum a kwalekwale yana ɗiban yashi. Shi ya shiga. Ya fito da ɗaya ya miƙo mini. Ya koma, ya miƙo mini ta biyu. Ya koma, na uku. Da ya koma na huɗu bai fito ba. Da mutane suka sauko, ni suka tarar a jiƙe da yara uku a jikina. Ɗan jarida ya tambaye ni, bakina ya ƙi buɗewa, ya rubuta abin da ya gani. Bayan kwana biyu aka tsinci mai yashin can ƙasa, aka ce kwalekwale ne ya kife da shi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da farko na kasa. Daga baya lauya ya ce kada in taɓa maganar sai kwamiti ya gama. Da ya gama kuma, na ga yadda kuke ɗaga kai in an ambaci yaran uku. Sai na ji daɗin abin. Wannan ce gaskiyar, na ji daɗinsa."

"Mama ta sani?"

"Ta sani. Da sirrin a ranta ta rasu."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce masa ba zan rubuta ba. Na ce mun zo wanke sunansa ne, ba mu ƙara masa datti da hannunmu ba. Na ce mutumin ya mutu, faɗa ba za ta dawo da shi ba. Da na rasa abin cewa sai na ce, "Malama fa? Ka yi tunanin Malama?"

Malama ita ce yarinyar farko da aka tsamo. Yanzu tana koyarwa a wata firamare a ƙarshen gari. Duk shekara, a ranar da abin ya faru, takan zo da lemo a leda ta zauna a baranda wajen awa guda, tana kiransa Baba, ba su cika magana ba. Ranar aurenta ma a sahun iyaye ta zaunar da shi.

"Kullum ina tunaninta," ya ce. "Rubuta, Auta."

Na tashi na bar masa ɗakin.

Washegari na buga fom ɗin a shago, tsaf, babu kuskure ko ɗaya, ƙarya goma sha uku. Na ce a raina idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, zai sa hannu inda na nuna masa, magana ta ƙare. Ban ji kunyar abin ba a lokacin. Gani nake kare shi nake yi, ko da yake in zan faɗi gaskiya kaina nake karewa.

Sai da ni da Baba muka huta sau biyu a matakala kafin mu kai hawa na uku. Mai tabarau ya miƙe ya gaishe da Baba da hannu biyu, ya ba shi kujera mai kyaun. Na ajiye fom, na zaro biro, na ɗora yatsa a wurin sa hannu.

"Dakata, 'yata," in ji mai tabarau. "A nan shaida ba ya sa hannu sai an karanta masa kowane layi ya ji da kunnensa. An taɓa kawo mana wata tsohuwa ta dangwala yatsa a kan abin da jikokinta suka shirya. Tun daga ranar muke karantawa."

Na janye yatsana daga takardar. Ya gyara tabarau ya fara, a hankali, da muryar mai karanta labarai. Kashi na ɗaya, minti uku, sakan arba'in. Kowane layi Baba ya ce haka ne, yana lanƙwasa yatsa. Da yatsun suka ƙare ya sake farowa. Aka kai na goma sha uku, mai tabarau ya juyo da takardar.

"Saura ɗaya," in ji Baba.

Dattijon ya kalle ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai. Baba ya faɗi na goma sha huɗun da kansa, da kashi da minti da sakan, bai rage komai ba. Fankar sama tana ta kaɗa gefen takardun da ke tebur.

Mai tabarau ya juya wajen Baba. "Baba, shekarata goma sha tara a kujerar nan. Kowa ƙaryar da ta ɓata shi yake kawowa. Wannan ba ta cuce ka ba, kuma doka ba ta tilasta maka ka sa ta ba. In ka sa, za a karanta ta a talabijin kowa ya ji."

"Ta cuci wani," in ji Baba. "Shi ba zai iya hawo matakalar nan ba."

Dattijon ya turo mini fom ɗin. Akwai layi ɗaya da ya rage a ƙasa. Ni da nake buga kalma sittin a minti, da hannu na rubuta shi, rubutun ya fito a karkace. Aka karanta masa, ya ce haka ne, ya sa hannu.

Bayan mako biyar wasiƙa ta zo. Hukuma ta karɓi tara daga cikin goma sha huɗu. Launin mota da gardamar ƙwallo ta ce ba su kai a tsaya a kansu ba. Masu shirin suka zaɓi yanke wuraren a kan su cire rubutun farko, don rubutun ne ke jawo musu masu kallo. Za a sake nunawa bayan mako biyu, kuma kafin kowane kashi za a karanta jerin gyaran. Ƙwayar tana ciki. Na goma sha huɗun ma tana ciki. Na yi nasara, ban kuma ji daɗin komai ba. A makonnin nan ina kai masa abinci, ina ɗiga masa maganin ido, amma hira ta mutu a tsakaninmu.

Da na gama karanta masa wasiƙar ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ta fita.

"Kai ni wurin Malama. Gara ta ji daga bakina."

An tashi yara lokacin da muka isa. Mai gadi ya nuna mana aji na ƙarshe, muka same ta ita kaɗai tana goge allo, alli ya yi mata fari a hannun riga. Da ta gan shi ta saki tsumman. "Baba! Kai da kanka? Lafiya?" Ta jawo masa kujerarta, ita ta zauna a kan bencin yara, ni na tsaya a bakin ƙofa don in abin ya yi muni in san ta inda zan fitar da shi.

Ya faɗa mata kamar yadda ya faɗa mini, kusan kalma da kalma. Hannuwansa suna kan gwiwa. Da ya gama ya ce, "Shekara ashirin da biyu kina kawo gaisuwa inda ba nan ya kamata ba. Ki yafe mini."

Malama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba. Ta kakkaɓe allin hannunta a hankali.

"Na sani, Baba."

Ya ɗago.

"Shekarata tara a lokacin, ba jaririya ba ce. Wanda ya jawo ni ta taga babu riga a jikinsa. Kai kuwa da rigar aikinka na same ka, har maɓallinta ya kurje mini kunci. Na faɗa wa mahaifiyata, ta ce ruɗewa ce, in rufe bakina."

"To me ya sa kike zuwa?" Ni na tambaya, daga bakin ƙofa, da kaushin murya fiye da yadda na so.

Ba ta kalle ni ba, shi ta amsa wa. "Ban ga fuskarsa ba. Idona a rufe yake, ina ta haɗiyar ruwa. Sauran biyun ƙanana ne, ba su tuna komai. Duk duniya kai kaɗai ka gan shi. Kowace shekara in na zauna a barandar nan ina cewa, bana Baba zai ba ni labarinsa. Sai in sha ruwa in tafi." Ta dubi fuskarsa. "Na fara tsoron za ka mutu ba ka faɗa ba."

Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka fita da Mama. Na bar bakin ƙofar na zo na tsaya a bayansa, na ɗora hannu a kafaɗarsa. Fushin da na yi wata guda ina riƙo ban san inda ya shiga ba.

Malama ta matso da bencin har gwiwarta ta kusa taɓa tasa.

"Yaya kamanninsa suke, Baba?"

Ya share fuska da hannun rigarsa.

"Gajere ne," ya ce. "Ba matashi ba, da furfura a gemunsa. Da ya miƙo mini ke, sai ya ce, riƙe ta da kyau, sanyi take ji."